Na'urar gano hayaƙi mai amerisiyam a shagon ɗinkina

Saboda yadin da ke jibge kusa da wayoyin wuta na sayo ta: farar roba, faɗin ƙaramin faranti, batir ɗaya.

A bayanta an rubuta amerisiyam-241, ƙarfen da Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka samar a Chicago a 1944. Wanda ke cikinta ido ma ba ya ganinsa. Burbushin alfa, wato wani nau'in rediyeshin da ƙarfen yake fitarwa, shi ne ke sa lantarki ya ratsa iskar ciki. Da hayaƙi ya shiga, lantarkin ya ragu, sai ta kwarma ihu. Takarda ma tana iya tare burbushin alfa, amma kada yara su ɓalle ta.

Aibinta, turaren wuta kaɗan ya isa ta tara min maƙwabta. Hayaƙin katifa mai ci a hankali kuwa, irin mai aiki da haske ta fi ta saurin ji.