Robar dunƙulen shinkafa: saƙo ga Yaya daga Saitama ta ƙasar Japan

Yaya, barka da war haka. Ya shago, ya yaran? Na ga saƙonki kan hoton abincin ɗanki da na turo, inda kike cewa in binciko miki sarin robobin nan masu kusurwa uku ki zuba a shago. Kafin ki kwance bakin jaka, tsaya ki ji labarinsu.

Tun watan Afrilu, da yake a Japan lokacin ake shiga sabon aji, ɗanki ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarsu. Bukatsu suke kiran irin waɗannan ƙungiyoyi. Atisaye bayan an tashi, Asabar ko Lahadi kuma a je karawa da wata makaranta, wani lokaci har da hawa jirgin ƙasa. Ranar wasa babu abincin makaranta, babu mai awara ko mai ɗanwake a bakin get. Abin da uwa ta ƙunso, shi yaro zai ci. Kin tuna intahaus ɗinmu, da ake zuba mana gulukos a tafin hannu mu lashe? Nan ba haka ba ne, kowace uwa da asuba take tashi.

Abin da aka fi ƙunsowa shi ne onigiri. Ki ɗauka malmalar tuwon shinkafa ce ƙarama, sai dai ba a tuƙa ta, ƙwayar tana nan ɗai-ɗai. Ana barbaɗa gishiri, a tusa ɗan kifi a tsakiya, a dunƙula, a naɗe da busasshen ganyen teku da suke kira nori. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, shi ya sa take kamuwa. Ni da ƙarfin hali na fara gwadawa da doguwar shinkafa irin tamu, yaro ya buɗe a fili ta watse masa a cinya. Bai ce min komai ba, abokinsa ne ya ba shi cokali.

Robar da kika gani aikinta ɗaya ne: ta hana dunƙulen nan lotsewa a jakar da ke cike da takalma da gorar ruwa. Akwai mai cin ɗaya, akwai mai cin biyu, akwai wadda aka yi wa ɗaki a ƙasa don ƙwai ko soyayyar kaza. A shagunan yen ɗari irin Daiso da Seria ake samunsu, yawanci yen 110 idan an haɗa da haraji. Ba a tayi, ba a ragi, ba a "kawo na gobe". Nan kam na yi kewar Sabon Gari.

Amma ga inda muka sha bamban da su, kuma shi ne ya fi ba ni wahalar ganewa. Mu tsoronmu kada abinci ya huce. Shi ya sa muke ƙulla tuwo a leda da zafinsa, mu danna a kula, mu rufe ruf. Su kuwa tsoronsu kada abinci ya yi gumi. Sai shinkafa ta sha iska ta huce sarai kafin a sa murfi, domin tururin da ya taru ya koma ruwa shi ke lalata ta. Daga Yuni zuwa Yuli suna da damina mai ɗan karen danshi, bayanta zafi ya kai digiri 35, jiki na naso ko kana zaune. Wata Asabar a Yuli na makara, na rufe dafa-duka da zafinta, ta yini a gefen fili. Kafin azahar ta yi tsami, ɗanki ya dawo da yunwa.

Wata maƙwabciyata, ita ma ɗanta na ƙungiyar, ita ta zaunar da ni. Ta ce kada in dunƙula da tsirarar hannu, in shimfiɗa ledar naɗe abinci in murza a cikinta, saboda ƙwayoyin cutar da ke fatar hannu. Sannan roba ba ta tafiya ita kaɗai. Ana saka ta a wata 'yar jaka mai rufi launin azurfa a ciki, a ɗora mata ƙunshin ƙanƙara na musamman da ke kwana a firiza, a wanke a mayar. Wato robar rabin kaya ce, sauran rabin wutar lantarki ce da ba ta ɗaukewa. Ki auna wannan da unguwarku a watan Afrilu.

Sushi kuwa, wato shinkafarsu mai tsami da aka fi sani da ɗanyen kifi, kada ki ce ɗanyen kifi ake ba yara su tafi da shi fili. Wanda ake ƙunsowa shi ne na naɗi mai ƙwai da kokwamba, ko inari, wato shinkafar da aka tusa a aljihun soyayyar awara. Awara dai tamu, sun yanka ta siriri sun soya ta kumbura. Ana cakuɗa shinkafar da ruwan khal da sukari, tsamin yana taimaka mata ta jure. Robarsa mai faɗi ce marar zurfi, a jera su manne da juna don kada su mirgina. Ni da kaina nake haɗawa, domin na shago sau da yawa akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita. Karanta bayan kwali ya zame min sana'a.

Abin da ya burge ni shi ne komai a rubuce yake: yawan abin da roba ke ci da mililita, zafin da take jurewa, ko tana shiga na'urar ɗumama abinci. Har suna da lissafin cewa akwatin mililita 800, idan an cika shi rabi shinkafa, sauran nama da ganye, kuzarin da ke ciki ya kusa kalori 800. 'Yan wasan besbol na manyan sakandare kuwa, masu mafarkin zuwa Koshien, babbar gasarsu ta ƙasa ta watan Agusta, wasunsu roba mai lita 2 suke cikawa da shinkafa. Iyayensu mata sun ji jiki a 2025, lokacin da kilo 5 na shinkafa ya haura yen 4,000. Akwai kuma na masu hali, magewappa, akwatin itace da ake lanƙwasawa a garin Odate. Itacen yana shanye danshi, shinkafa ba ta jiƙewa. Kuɗinsa dubban yen ne, na ɗaga na ajiye.

To, shawarata, Yaya: bar masu kusurwa ukun nan. Ba sa riƙe miya, ba sa riƙe mai, garau-garau ma tsiyaya zai yi, kuma wa zai dunƙula wa ɗansa shinkafa mai sanyi a Kano ya ce ya ba shi abinci? Abin da zai tafi a shagonki shi ne ƙananan kulolin ƙarfe na Zojirushi ko Tiger, masu hawa-hawa, shinkafa daban miya daban. Suna da tsada, amma ana sayar da robar bakin murfin ita kaɗai, idan ta saki a canza, ba sai kula ta koma ma'ajiyar daddawa ba. Zan aiko miki guda biyu ta hannun abokin aikin Abban yara ki gwada kasuwa.

Idan zai dawo ki haɗo min yajin ƙuli da kuka. Yanzu dambun kifi da yaji nake tusawa a onigirin ɗanki, abokansa har musaya suke roƙo, wanda na zo da shi ya kusa ƙarewa. Kada ki sa kilishi, ba a shigo da nama ƙasar nan, a filin jirgi za su karɓe. Ki gaida Hajiya.