Tura fayil tsakanin kwamfutocin gida a Linux: SSH, Syncthing, ko a koma wa filasha?

Kwamfuta biyu gare ni a gida, wata tsohuwa ta kan tebur da na ɗora wa Linux Mint, sai laftof mai Ubuntu da nake yawo da ita, kuma kusan kullum sai wani abu ya tashi daga wannan zuwa waccan, yau bidiyon biki ne mai giga 14, gobe takardun makarantar yara ne da hoton katin ɗan ƙasa. Da can filasha ce jakina, har ranar da na manta ta a wani shagon buga takardu da duk abin da ke cikinta a buɗe, na koma washegari aka ce ba a gani ba. Tun daga nan na zauna na gwada hanyoyin da ake da su ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk kyauta ne, abin da za ka kashe lokaci ne da ɗan kuɗin kebul, amma zaɓen tumun dare a nan ma yana sa mutum kuka.

Abin da mutane ba sa so su ji shi ne waifai ɗin gida ba ɗakin sirri ba ne. Ka ƙirga mutum nawa ke da fasuwod ɗinka, maƙwabcin da ka ba shi "na minti biyu kawai" tun bara, ƙannen uwargida, abokan yaranka da wayoyinsu da Allah kaɗai ya san me aka sauke a ciki. Duk wanda ke kan rauta ɗaya da kai yana iya ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutarka. Saboda haka tun yanzu mu sallami biyu. FTP, tsohuwar hanyar tura fayil, tun 1971 yake, sunanka da fasuwod ɗinka tsirara suke tafiya a kansa ba a kulle ba. Haka dabarar nan ta python3 -m http.server da ake ta koyarwa, tana da daɗi wallahi, layi ɗaya ka gama, amma foldar da kake ciki gaba ɗaya ka shimfiɗa a tabarma a ƙofa mai lamba 8000, ba fasuwod ba kullewa, kowa ya zo ya ɗiba.

In Linux ne da Linux, ni dai SSH zan fara ce maka, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga taka a kulle. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995, wanda muke amfani da shi yau kuma OpenSSH ne na mutanen OpenBSD da ya fito a 1999. Abin da ya sa nake son shi, abu ɗaya ka girka ka samu uku: sftp da scp da kuma hanyar da rsync zai bi. A kwamfutar da za a shiga sai ka buga sudo apt install openssh-server, domin Ubuntu na tebur ba ya zuwa da shi, shi ke nan ƙofa ta 22 ta buɗe. Mai tsoron baƙin allon buga umarni ma ba shi da uzuri, ka buɗe manajan fayil a ɗaya kwamfutar, a wurin adireshi ka rubuta sftp://sunanka@192.168.0.12 ko duk lambar da rautarka ta ba ta, sai ga foldojin can sun bayyana kamar nan suke, ka ja ka ajiye. In lambar tana yawan canjawa gwada sunan kwamfutar da .local a ƙarshe, yawanci yana yi.

Sai dai akwai abu biyu da ake tsallakewa. Karon farko da ka haɗa za ta nuna maka wani dogon rubutu ta tambaye ka ko ka yarda da wannan kwamfutar, kowa yes kawai yake bugawa ya wuce, alhali wannan rubutun shi ne zanen yatsan kwamfutar da kake shiga, kuma tunda ga ta can a ɗaki ai ba asara ka tashi ka duba da ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub ka ga ko sun yi daidai. Na biyu kuma fasuwod. In fasuwod ɗin kwamfutarka sunan ɗiyarka ne da shekarar haihuwarta, toh duk kullewar SSH aikin banza ne. Ka yi makulli da ssh-keygen -t ed25519, ka miƙa shi can da ssh-copy-id, ka gwada ka tabbatar yana shiga, sannan a fayil ɗin sshd_config ka mai da PasswordAuthentication zuwa no. Ka lura da jerin fa, ka tabbatar tukuna kafin ka rufe, kar ka kulle kanka a waje. In kana da ufw, wato katangar tsaron kwamfuta, ka ce masa ya bar 'yan gida kaɗai su taɓa ƙofar 22, kuma don Allah kar ka je rauta ka buɗe wannan ƙofa ga duniya don wai kana so ka shiga daga ofis.

scp, umarnin kwafe fayil ta SSH, ba ni da abin faɗa da yawa a kansa. Fayil ɗaya, sau ɗaya, ya yi. Tun OpenSSH 9.0 na 2022 ma a ƙarƙashinsa sftp ne ke aikin. Matsalarsa in layi ya yanke ana kashi 90 sai ka koma farko.

Wannan kuwa a garin da ake ɗauke wuta ba sallama ba ƙaramar matsala ba ce, shi ya sa rsync ya zama abokina. Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da shi a 1996, kuma hikimarsa ita ce ba ya sake tura abin da ya riga ya isa, bambancin kawai yake ɗauka. Misali rsync -avP Bidiyo/ sunanka@tebur.local:Bidiyo/ , in rauta ta mutu a tsakiya, wuta ta dawo ka sake buga layin nan dai, sai ya tsallake duk waɗanda suka gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Wani abu da na daɗe ban gane ba, in ita kwamfutar da ke karɓa ce ta mutu ɗif, fayil ɗin da ake tsakiyar turawa zai iya komawa farko, don haka ga ƙaton bidiyo guda ɗaya ina ƙara --append-verify. Dole rsync ya kasance a kwamfutocin biyu. Sannan ka kula da ɗan karkataccen layin nan na ƙarshen sunan folda, Bidiyo/ na nufin abin da ke ciki, Bidiyo babu layi na nufin foldar kanta, kuskure a nan sai ka ga folda cikin folda. Shi kuwa --delete wuƙa ce, yana goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan, in ka juya adireshin biyu bisa kuskure sai dai innalillahi. Kullum ka fara da -n, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

To in kai ba mai son buga umarni ba ne, so kake folda ɗaya ta zama iri ɗaya a kwamfutoci biyu ba tare da ka tuna ba, Syncthing ne naka. Jakob Borg ɗan Sweden ya fara shi a 2013. Kowace na'ura tana da doguwar lambar shaida tata, sai ka gabatar da su ga juna, kowacce ta amince, daga nan duk abin da ya canja a nan zai canja a can, a kulle yake tafiya kuma ba ya kwana a sabar kowa. Ana saita shi ta burauza a localhost:8384. Ga takardun aiki da nake taɓawa a laftof da rana in ƙarasa a tebur da dare, gaskiya ban ga kamarsa ba.

Amma a ji wannan da kyau, daidaitawa daban, ajiyar ko-ta-kwana daban. Ka goge fayil a laftof, Syncthing cikin biyayya zai goge shi a tebur ma. Yaro ya danna abin da bai sani ba, an tafi da shi a wuri biyu. Akwai saitin adana tsofaffin kwafi a cikin kowace folda, ba a kunne yake zuwa ba, kai za ka kunna, kuma ka kunna tun ranar farko. Sai maganar data, in na'urorin biyu ba su ga juna kai tsaye ba yana iya bi ta wasu sabobin sa-kai a intanet, su masu sabar ba za su iya karanta fayil ɗinka ba, amma datarka ce ke ƙonewa kuma ga jinkiri. In a gida kaɗai kake buƙatarsa ka kashe wannan da kuma neman na'urori ta intanet a cikin saiti, ka bar na cikin gida. Masu Android kuma su sani manhajar asali an daina sabunta ta a ƙarshen 2024, Syncthing-Fork mutane suka koma.

Akwai kuma 'yan ƙananan nan masu kama da Xender da muka saba da shi a waya, ka buɗe, ka ga ɗaya na'urar, ka tura. Warpinator na Linux Mint ne, ya zo tare da Mint 20 a 2020, yana da sauƙi har kakarka za ta iya. Abin lura lambar rukuni, ta asali kalmar Warpinator ce da kowa ya sani, ka canja ta zuwa taka a duk na'urorin, kuma ka bar shi yana tambayarka kafin ya karɓi fayil. LocalSend ya fi shi yawan dangi, yana kan Linux da Windows da Mac da Android da iPhone, ba rajista ba asusu, ƙofa 53317 yake bi in katangar tsaronka ta tare shi. Gidan da ke da wayoyi kala-kala ni shi zan ce a saka. KDE Connect kuma ya fi dacewa da wayarka da kwamfutarka kai kaɗai, a haɗa su sau ɗaya. Duk ukun na "miƙo min hoton nan" ne, ban ɗora musu giga ɗari ba.

Samba fa, manhajar da ke buɗe folda ta tsarin SMB irin na Windows? Shi ma Tridgell ɗin nan ne ya fara shi, tun 1992. In akwai Windows a gidan ko talabijin da ke son karanta fina-finai daga kwamfuta, kusan ba makawa. Amma saitinsa ya fi na sauran ƙura, kuma yawancin koyarwar da za ka tarar suna ce maka ka sa guest ok = yes don abu ya yi sauri, wato ka cire ƙyauren gaba ɗaya. Ka yi wa kowa fasuwod da smbpasswd, ka tilasta kullewar SMB3, kuma in tsohuwar na'ura ta ce sai SMB1 kar ka biye mata, ta wannan tsohon tsarin bairos ɗin WannaCry ya ratsa kwamfutocin Windows a watan Mayun 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, Samba ma a kashe yake zuwa da shi tun fitowar 4.11. NFS, wata hanyar buɗe folda tsakanin kwamfutocin Linux, yana da gudu ba ƙarya, amma a yadda yake zuwa lambar adireshin na'ura kawai yake yarda da ita kuma ba ya kulle bayanai sai ka haɗa masa tsarin tantancewa na Kerberos, wanda a gida wahalar ta fi riba. Linux da Linux kana son folda ta zauna kamar taka, sshfs ya ishe ka.

In ɗaya kwamfutar ba ta gida, ka ce ƙaninka na Zariya kai kana Kano, magic-wormhole na Brian Warner abin sha'awa ne. Ka buga wormhole send da sunan fayil, ya ba ka lamba da kalmomi biyu, ka karanta masa a waya, ya buga a can. Sau ɗaya kalmar ke aiki, wani ya yi canki ya kuskure ma turawar ta lalace kun gani. Wannan dai data yake ci, ba na cikin gida ba ne.

Yanzu inda kuɗi ke fita. Sau da yawa ba manhaja ce ke ja maka rai ba, waifai ne, musamman ƙaramar MiFi da wayoyi takwas ke rataye a wuyanta. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 guda ɗaya, irin wanda za ka samu a titin Beirut a Kano ko duk shagon kayan kwamfuta, in ƙofofin kwamfutocin biyu na gigabit ne zai ba ka wajen mega 110 a daƙiƙa, bidiyona mai giga 14 minti biyu da 'yan kai in hard disk ɗin bai gaza ba. In ɗaya ƙofar mai 100 ce kawai, sai ka jira kusan minti 20, don haka ka duba kafin ka zargi mai kebul. Ba sai da rauta ba ma, ka soka kai tsaye daga wannan zuwa waccan, a saitin IPv4 na kowacce ka zaɓi Link-Local Only, ka kira ta da sunanta .local, ba wanda ke kan layin sai ku biyu. Laftof da ba ta da ramin kebul a saya mata adafta ta USB 3, a tabbatar an rubuta gigabit a jiki.

Filasha ma ban ce ka yar ba. Ka dai sani FAT32 ba ta ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, sai exFAT, kuma in sirri za ta ɗauka ka buɗe manhajar Disks ka yi mata fomat da LUKS, wato kullewa mai fasuwod, sai dai Windows ɗin shagon buga takardu ba zai buɗe ta ba, saboda haka ni biyu nake riƙewa, ta shago da ba komai a ciki sai abin da za a buga, da ta gida.

In ka yi komai daidai amma kwamfutocin sun ƙi ganin juna a waifai, kafin ka fara goge-goge ka shiga saitin rauta ka duba AP isolation, wasu rautoci suna hana na'urori magana da juna, musamman a layin baƙi, kashe shi kawai za ka yi ko ka dawo da su biyun kan babban layi.