Rumbun Margaret Thatcher na Intanet: Abin da Ya Tanada da Inda Ya Gaza

Gidauniyar Margaret Thatcher tana da shafi mai suna margaretthatcher.org, inda ta tara jawabai da hirarraki da takardun gwamnati na matar da ta wakilci mazaɓar Finchley a majalisar dokokin Birtaniya daga 1959 zuwa 1992, ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Karatu a shafin kyauta ne, kuma ana iya neman takarda da shekara ko da kalma.

A ganina, darajar rumbun ta fi fitowa a shekarun da ba a cika magana a kansu ba. Kowa ya san Firayim Ministar da ta yi mulki daga 1979 zuwa 1990, wadda ta yaƙi Ajantina kan tsibiran Falklands a 1982, amma kaɗan ne suka san 'yar mai kanti daga garin Grantham da ta sha kaye sau biyu a zaɓen mazaɓar Dartford, a 1950 da 1951, kafin ta samu kujera. Jawabinta na farko a zauren majalisa, a Fabrairun 1960, yana nan cikakke, kuma abin mamaki shi ne ƙudurin da ta gabatar a ranar ya nemi a buɗe wa 'yan jarida ƙofar zaman ƙananan hukumomi ne. Wanda ya karanta shi zai ga cewa taurin kanta da son hujja da alƙaluma sun girmi mulkinta.

Mai karatu daga Najeriya zai so ya duba watan Janairun 1988, lokacin da ta ziyarci Legas da Kano a zamanin Janar Babangida, ana tsaka da fushi da ita saboda ƙin amincewa da ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu cikakken takunkumi.

Sai dai gidauniyar tata ce, kuma takardun da aka tara sun fi nuna yadda fadar gwamnati ta kalli al'amura. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 yana nan ta bakin ministoci da jami'ai, amma iyalan da aka rufe wuraren haƙar kwal ɗinsu sai an nemi muryarsu a wani wurin. Haka kuma komai da Turanci yake, wani lokaci ma hoton tsohuwar takarda ce mai rubutun hannu a gefe, wadda karanta ta a waya kan gajiyar da ido. Ɗalibin tarihi ko ɗan jarida zai fi cin moriyarsa a kwamfuta.