Zango biyu ina koyar da Turanci da fodkas a aji

Takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC ita ce ta furuci, kuma a Najeriya a rubuce ake yin ta: tambayoyi 60, yaro ya zaɓi amsa da fensir. Shekara da shekaru ina zana wa 'yan SS2 alamomin sauti a allo suna haddacewa, alhali ba su taɓa jin mai harshen ya furta su ba. Ni kaina, in na yi sauri, p da f sukan cakuɗe mini a baki. Wannan ne ya sa na gwada fodkas, wato shirin murya da ake saukewa daga intanet a saurara duk lokacin da aka ga dama.

Na zaɓi 6 Minute English na BBC. Kyauta ne, minti shida ne kacal. Mutum biyu ke hira a kan batu ɗaya. Su jefa tambaya a farko, su ɓoye amsar sai ƙarshe, sannan su maimaita kalmomi shida da ma'anarsu. Da dare nake sauke shi, da safe in haɗa waya da 'yar lasifikar Bluetooth da na saya a kasuwa.

Ranar farko kunya na sha. Na kunna shi daga farko har ƙarshe, aji ya yi tsit, na ɗauka ana fahimta. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, don Allah, wai Turanci suke yi?" Aka kwashe da dariya. Laifina ne, na ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Sai na sake salo. Kafin in kunna, nakan rubuta kalmomin nan shida a allo, in karanta tambayar, kowa ya faɗi amsar da yake zato. Daga nan mu saurari minti ɗaya, in tsayar, mu tattauna, in mayar baya. Tambayar nan ita ce sirrin shirin. Yaron da ya yi musu da abokinsa ba ya gyangyaɗi, so yake ya ji wa ya ci. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a ajina ba, ita ce yanzu ke cewa "Malam, a sake!" Rannan ta kama ni na ce "full" a maimakon "pull", ta gyara mini a gaban kowa. Na ji zafi kaɗan, amma daɗin ya fi yawa.

'Yan JS kuwa tsofaffin shirye-shiryen koyon Turanci na Muryar Amurka sun fi yi musu sauƙi, domin a hankali aka karanta su, salon da aka fara tun 1959. Sai dai lafazin Amurka ne, mu kuwa na Ingila muke bi a makaranta.

Wahalar duk tana wajen kayan aiki. Yara sun haura saba'in, lasifikar ba ta kai wa benci na ƙarshe. In ruwa ya sauka a kan kwanon rufi, darasi ya tashi ke nan. Sau biyu cajinta ya ƙare muna tsakiyar hira saboda an kwana ba wuta. Rubutun hirar yana nan a shafin BBC, amma kuɗin buga wa kowa daga aljihuna zai fita, don haka mutum uku ke raba takarda ɗaya.

Kuma kada minti shidan ya ruɗe ka, malam: darasin minti 40 yake cinyewa gaba ɗaya, manhajar karatu kuwa ba ta jira. Shi ya sa na tsayar da shi ranar Alhamis kawai. Albashin wannan watan in ya shigo, babbar lasifika zan fara saya.