Tauraro biyu na ba rakiyar da gandirobobi suka yi wa ƙanina zuwa asibiti

Ba zan kama sunan gidan gyaran halin ba. Ƙanina yana zaman jiran shari'a a can, zazzaɓi ya kwantar da shi aka kai shi asibiti, kuma gaskiya sun kira mu da wuri, wannan kam na yaba.

Amma da na shiga ɗakin sai na tarar da ankwa a hannunsa an haɗa da ƙarfen gado, mutumin da ko ruwa bai iya ɗagawa ya sha, wuyan hannun ya kumbura har ƙarfen ya yi masa zane, ga ƙarin ruwa a ɗaya hannun. Na ce wa gandiroban da ke gadinsa ranka ya daɗe a ɗan sassauta mana, ya ce wai makulli na wajen abokin aikinsa da ya fita cin abinci. Haba! To in gobara ta tashi fa?

Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, kan yadda ake kula da fursunoni, sun hana sarƙa da mari, ankwa kuma sai in ba wata dabara, a cire ta da zarar haɗarin ya wuce. Tun 2019 a Najeriya aka sauya sunan gidan yari ya koma na gyaran hali, amma ban ga littafin da ake rubuta ƙarfe nawa aka sa ankwa, wa ya bada umarni, yaushe aka duba hannun ba. Sai da nas ta sa baki aka kwance shi bayan la'asar. Gandiroban dare shi kam mutumin kirki ne, har shayi ya saya masa.