CH341A: wata shida ina karanta filash ɗin risiba da ita

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya sa na sayi wannan 'yar na'ura, CH341A, wadda ake karanta filash da zuba masa fayil da ita. Yana cikin ɗora wa risibarsa sabuwar manhaja aka ɗauke wuta, tun daga ranar jar fitila kawai take nunawa. Na bi ta USB, na bi ta wayar RS232, shiru kake ji. Ya rage sai a shiga filash ɗin kai tsaye, wato 'yar ƙwayar da manhajar risiba take ciki.

A kasuwar Sabon Gari nan Kano na samo ta, mai baƙin allo, tsawonta kamar ɗan yatsa, haɗe da kilif mai haƙora takwas da ake matse ƙafafun filash da shi. Kuɗinta bai kai ladan gyara biyu ba. Tana karanta aisi (IC, wato irin wannan ƙwaya) na jerin 24 da na 25, kuma ƙananan risibobin da aka fi kawo min, masu injin GX6605S ko Sunplus 1506, jerin 25 ne a cikinsu. Na Baba, dattijon nan, W25Q32 ne, wato megabait 4. Da manhajar kwamfuta ta NeoProgrammer nake tuƙa ta, karatu ba ya kai minti biyu.

A wajen karatu na'urar ba ta da laifi, kilif ɗin ne maƙaryaci. Na saita jar waya a ƙafa ta ɗaya, wurin ɗigon da ke kan aisin, karatun farko ya fito FF daga sama har ƙasa, wato fanko. Na gyara zamansa, na biyu ya fito da bayanai, har na fara murna. Allah ya taimake ni na sake karantawa, sai na uku ya saɓa da na biyu. Dalili kuwa, muddin aisin yana kan fanel, wato allon cikin risiba, 'yar wutar da na'urar ke bayarwa sauran kayan fanel ɗin ma jan ta suke yi. Da na sa bulowa mai hura iska mai zafi na ciro shi, na liƙa a kan ɗan farantin da ya zo a kwalin, karatu biyu suka zo iri ɗaya. Yanzu ba na goge komai sai na ajiye fayil biyu da suka yi daidai.

Wannan ɗabi'a ta fisshe ni kunya a wata risibar. Na zuba mata fayil na wata mai irin injinta, hoto ya zo tas, rimot ya ƙi ji, domin lambobin rimot ma a cikin filash suke. Tsohon fayil ɗinta na mayar.

A sa mita a auna kafin a fara. Mai baƙin allon tana fitar da kusan bolt 5 a layukan bayanai, alhali aisin na 3.3 ne. Ni na yi mata gyaran da ke sauko da wutar. Aisi mai bolt 1.8 kuwa sai da adafta tasa.

Risibar Baba ta tashi da fayil ɗin da na kwafo daga irinta sak ta wani abokin sana'a. Ƙorafin Baba ɗaya, tashoshin Saudiyya da ya jera a sama sun koma can ƙasa.