Kasuwar sana'o'in hannu a Yamai: a jira baƙi ko a nemi 'yan gida?

Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 Turawa suka ragu a Yamai, ciniki ya ja baya wajen maƙera da dukawan gidan tarihi na Boubou Hama da na cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata.

Wasu na ganin a gyara wurin: fitilu, inuwa, tsabta, tituna masu kyau daga gidan tarihin zuwa bakin kogin Isa, sai baƙi su dawo. Gyara abu ne mai kyau, amma yana cin kuɗi, kuma ba fenti ke kawo ɗan yawon buɗe ido ba. Tsaro da biza ke kawo shi, waɗannan kuwa ba a hannun baduku suke ba.

Ɗaya hanyar ita ce a juya ga mai saye na gida. Amarya na son kayan ɗaki, ma'aikaci na son takalmi da jakar fata, 'yan Nijar mazauna waje na yin oda ta WhatsApp. Ribar ba ta kai ta Bature ba, ga ciniki mai zafi, ga kayan Sin masu araha. Sai dai biki da salla ba sa yankewa, shi ya sa na fi karkata nan. Baje kolin sana'o'in hannu na mata, wato SAFEM, ma ya nuna matan Yamai na sayen aikin hannu idan ya dace da buƙatarsu.